Taku Goma Sha Huɗu a Kan Ƙanƙara

Ina da shekara talatin da takwas ranar da na fara ganin ƙanƙarar da mutum zai iya tsayawa a kanta. A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kuma duk ƙanƙarar da na sani kafin wannan rana ba ta wuce wadda ake fasawa a zuba a kula lokacin aikin Hajji ba. Sana'ata gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da manyan injinan sanyi na otal-otal. Rabin rayuwata a kan rufin gine-gine na yi ta, rana tana dukan ƙeyata, ina haɗa wa wasu sanyin da ba ni zan sha ba.

Wata Asabar kamfaninmu ya tura ni Jidda, wai injin da ke daskarar da filin ƙanƙara na wata babbar kasuwar zamani yana ta tsayawa. Na tashi bayan sallar asuba, na isa tun ba a buɗe kasuwar ba. Mai gadi ya shigar da ni ta ƙofar baya. Shaguna duk a rufe, rabin fitilu a kashe, ba abin da nake ji sai takuna. Filin yana tsakiyar ginin, an kewaye shi da katanga mai gilashi a sama. Da yake injin ya kwana yana aiki yana tsayawa, ga kuma laimar iskar Jidda, sai wani farin tururi ya kwanta a kan ƙanƙarar har zuwa gwiwar mutum.

Ina tsaye riƙe da akwatin kayan aikina na ji wani sauti, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, a hankali, ba gaggawa. Sai ga mutane sun ɓullo daga cikin tururin. Su wajen goma, da hulunan kwano, kowa da sanda mai lanƙwasa a baki. Ba na ganin ƙafafunsu. Suna wucewa ta gabana ba tare da sun ɗaga ƙafa yadda na san ana ɗagawa ba, irin tafiyar da mutum yake yi a mafarki, su shige cikin fari, su sake fitowa ta wani gefe. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Mai gadin ne ya taɓa kafaɗata ya ce ɗakin injin yana ƙasa.

Bawul ɗaya ne ya toshe, aikin awa guda. Da na gama na hau sama, na buɗe 'yar ƙofar filin, na durƙusa na dafa ƙanƙarar don in ji ko ta fara ƙarfi. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya zo ya tsaya a gabana, takalminsa ya watso min ɓarɓashi a hannu.

"Ka taɓa hawa?" ya tambaye ni da Larabci.

Na ce ban taɓa ba.

"To wanda ya gyara mana ita ai ya cancanci ya faɗi a kanta sau ɗaya."

Na faɗi fiye da sau goma. Na koma Makka da wando jiƙe da ƙugu mai tsami, amma a hanya na kama kaina ina murmushi ni kaɗai a cikin mota. Asabar ta gaba na koma, ba wanda ya aike ni.

Ƙwallon gora suke bugawa, irin ta kan ƙanƙara. Ba ƙwallo ba ce ma a gaskiya, wani baƙin faifan roba ne mai nauyi da ake kora da sanda har a zura shi a raga. Cikinsu akwai injiniyoyi da suka yi karatu a ƙasashen sanyi, da ma'aikatan asibiti, da malamin makaranta ɗaya. Suka karɓe ni ba tare da tambayar daga inda na fito ba. Cikin shekara biyu na iya tsayawa, na iya juyawa, na iya ja da baya. Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne sauri. Na fi kowa motsi, na fi kowa gumi, kuma kullum ni ne na ƙarshen isa wurin faifan. Suna yi min ba'a wai ni fankar silin ce, ga juyi ba ga tafiya ba.

A gida ma ban tsira ba. Mahaifiyata tana zaune tare da mu a hawa na huɗu, a gidan da babu na'urar hawa. Ba ta taɓa zuwa Kano ba, amma Hausar Kano take yi tsantsa, irin ta iyayenta, sai dai ta yayyafa mata Larabci kamar gishiri. Duk ranar Asabar in na dawo ina ɗingishi sai ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kakanka shekara bakwai ya yi yana taka ƙasa da ƙafarsa kafin ya iso garin nan," in ji ta. "Kai kuma ga ka, da furfura a gemu, kana tuƙa mota har Jidda don ka koyi zamewa. Ya salam."

"Umma, motsa jiki ne."

"Ɗauko min tulun gas daga ƙasa, shi ma motsa jiki ne."

Akwai wani dattijo da nake gani kowace Asabar a bencin gefen fili. Fari ne, mai faɗin kafaɗa, da ɗan siririn gemu, yana riƙe da sandar dogarawa da fulas ɗin shayi. Bai taɓa sa takalmin wasa ba. Yawanci ma idonsa a rufe yake, har na ɗauka gyangyaɗi yake zuwa yi a wuri mai sanyi. Wata rana na zo wucewa ta gabansa ina haki, sai ya ɗaga sandarsa ya tare ni. Ya yi magana da Larabcin littafi, irin na huɗubar Juma'a, kowace kalma da wasalinta.

"Ya ɗana, me ƙanƙarar nan ta yi maka kake dukanta haka?"

Na tsaya na riƙe katanga. Na ce ban gane ba.

"Idona a rufe nake gane ka. Sauran suna yanka ta, kai kana sara. Daga wancan bango zuwa wannan ka yi taku ashirin da shida. Na ƙirga. Wancan mai jar rigar goma sha shida yake yi, shi ma kuma malalaci ne."

Ranar na ji ashe a Makka yake zaune, a unguwar Shisha, wani daga cikin 'yan wasan ne yake ɗauko shi in ya samu hali. Na ce zan mayar da shi gida. A hanya ya ba ni labarinsa, yana kallon duwatsu ta taga. Batatare ne daga Rasha. An haife shi a bakin wani kogi da ke daskarewa kusan rabin shekara, har manyan motoci su bi ta kansa. Ya buga wa ƙungiyar masana'antar garinsu wasa har ranar da gwiwarsa ta hagu ta murɗe, ta ƙi komawa daidai. Bayan nan ya karanta Larabci, ya zo Makka yana yi wa alhazan ƙasarsu tafinta, ya zauna fiye da shekara ashirin. Matarsa ta rasu a nan. Ya ce ba wasan yake zuwa kallo ba, ƙanshin ƙanƙarar yake zuwa shaƙa.

"Ƙanƙara tana da ƙanshi, Ammu?" na tambaye shi. Haka muke kiran dattijo a Makka, wato baffa.

"Kai da kake yin ta ba ka sani ba?"

Da muka isa ƙofar gidansa ya ce in hau in sha shayi. Ban san darasin farko zan shiga ba. Ya sa na jingina bayana da bango, na sauka kamar zan zauna a kujerar da babu ita, cinyoyina a shimfiɗe, gwiwoyina daidai kan yatsun ƙafata. Sai ya zuba shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi ya ɗora a kan cinyata.

"Kada ya zube," ya ce, ya koma ya zauna yana kurɓar nasa.

Ba a yi minti ɗaya ba cinyoyina suka fara rawa, shayin ya fara kaɗawa. Ya ce a nan sauri yake zaune, ba a tafin ƙafa ba. Wanda ya tsaya a miƙe ba shi da abin da zai miƙar, ƙafarsa ta riga ta ƙare. Wanda ya sauka ƙasa kuwa ya tara ƙafa a ajiye, duk taku sai ya warware ta gaba ɗaya. Shayin ya zube a kan dardumarsa. Ya ce ba komai, dardumar ta saba.

Abu na biyu da ya koya min shi ne cewa duk shekara biyun nan baya nake tunkuɗa ƙafata, kamar mai gudu a kan titi. Ya ɗauko takalmina ya kifa shi, ya sa na shafa siririn ƙarfen da ke ƙasansa da yatsa. Ashe ba kaifi ɗaya ne da shi ba, biyu ne, da ɗan kwari a tsakaninsu, na ciki da na waje. In ka tura baya, ƙarfen zamewa yake yi, ba abin da ya kama. In ka tura gefe, kaifin ciki ya ciji ƙanƙara, sai ta mayar maka da ƙarfinka. A tura gefe har ƙugu ya miƙe, gwiwa ta miƙe, a ƙarasa da babban yatsa. Sannan a dawo da ƙafar ƙasa-ƙasa, kusan tana shafar ƙanƙara, har ta zo ƙarƙashin cibiya kafin ɗayar ta tafi.

Awa biyu a mako a Jidda ba za su isa ba, don haka ya zana min wani abu a bayan ambulan. Na samo faffaɗan allon fomeka mai santsi, na buga katako a bakinsa biyu, na kai shi kan rufin gidanmu. Ana sa safa a kan takalmi, a tunkuɗa daga wannan katako a sulale zuwa wancan. Safar kasuwa ba ta kwana uku take yagewa. Mahaifiyata ta gan ni ina jefar da ta huɗu. Washegari na tarar da wasu jakunkuna biyu na ulu a kan matashina, ta ɗinka su daga tsohuwar rigar sanyin mahaifina, har da zariya.

Bayan sallar asuba nake hawa. A wannan lokacin Utaibiyya ba ta gama farkawa ba. Tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam a jere a kan rufi bayan rufi, tattabaru suna sauka a kan katanga, ƙanshin burodin tamis yana tasowa daga lungu. Ni kuwa ina tsakiya, a rusune, hannu ɗaya a baya, ina sulalewa dama, ina sulalewa hagu. Bayan ɗan lokaci sai ƙirga ta ɓace min. Sai in ga kamar ni ne a tsaye wuri ɗaya, unguwar ce take lilo, gidaje su tafi dama su dawo hagu, duwatsun bayan gari su bi su. Wata safiya maƙwabciyarmu ta hau shanya, ta gan ni, ta tsaya da kwando a hannu, sannan ta sauka ta je ta tambayi mahaifiyata ko lafiya nake.

Da sanyi ya shigo, dattijon ya ce allo ya yi aikinsa, yanzu sai fili mai tsawo. Na sayi takalmi mai tayoyi a jere. Muka rasa inda za mu je a garin da ko'ina hawa ne da gangara da motoci, sai na tuna da Muzdalifa.

Wanda ya san Muzdalifa a lokacin Hajji kawai ba zai gane ta a sauran watanni ba. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana nan shimfiɗe, faffaɗa, ta miƙe har inda ido ya gaza, ba kowa a kanta. Dogayen turakun fitilu a tsaye, famfuna a jere a bushe, duwatsu sun kewaye wurin sun yi shiru. Da hantsi bai ɗaga ba, hasken yakan zama ruwan toka, daga baya ya koma ruwan zuma. In na yi tari sai in ji ya dawo min daga nesa. Abin da ya fi ba ni wahala tsakuwa ce, irin wadda alhazai suke tsinta don jifa. Guda ɗaya in ta shiga ƙarƙashin taya sai ka ji ka a ƙasa. Don haka kowace Juma'a da tsintsiya nake farawa, in share tsawon taku ɗari biyu, shi kuma yana zaune a kujerar naɗi yana zuba shayi.

A nan ya hana ni gaggawa. Ya ce in tura sau ɗaya, in tsaya a kan ƙafa ɗaya, in bar ta ta kai ni har inda za ta iya, kada in sauke ɗayar sai ya buga sandarsa a ƙasa. Da farko ina ƙirga ɗaya, biyu, sai in karkace. Jikina ya saba da cewa in ana son sauri sai a yawaita motsi. Shi kuwa sai ya riƙe sandar a sama, ya ƙi bugawa, ina tangaɗi ina kallonsa ta wutsiyar ido.

"Ka biya kuɗin takun nan da cinyarka," yake kira daga nesa, "ka tsaya ka ci abin da ka saya!"

Ya gyara min hannuwa, su riƙa tafiya gaba da baya, ba su riƙa gitta ƙirji ba. Ya gyara min kai, in daina kallon ƙafata. Ya koya min tashi daga tsaye: a buɗe yatsun ƙafa waje kamar na agwagwa, a yi taku uku gajeru masu ƙarfi, na huɗu sai a sauka ƙasa a fara dogon. A wurin kwana kuma ya nuna min cewa ƙafar waje tana haurawa, ta ciki kuma tana turawa ta ƙarƙashi, tura biyu ke nan a taku ɗaya, ni kuwa da guda nake amfani, ɗayar ina jan ta kamar baƙuwa.

Wata Juma'a mahaifiyata ta ce za ta bi mu. Wai tana son ta ga mutumin da ya sa ɗanta yake hawa benen gidansu a karkace, mataki bibbiyu, kamar ƙaguwa. Ta soya masa, ta dama kunun gyaɗa, ta shimfiɗa tabarmarta can gefe, ɗan nesa da kujerarsa. Suka gaisa, ita da Larabcin Makka, shi da na littafi. Ya ci masa huɗu, ya tambayi sunanta sau biyu. Ina ta kai da kawo a gabansu. Da na gaji sai tsohuwar ɗabi'ata ta dawo, na fara saran ƙasa da sauri-sauri, na kuwa taka tsakuwa na zube.

Mahaifiyata ba ta ko motsa ba. Ta ce da Hausa, "Sauri ya haifi nawa."

Dattijon ya juyo ya tambaye ni me ta ce. Ina zaune a ƙasa ina duba gwiwar hannuna na fassara masa. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya ce ta maimaita a hankali. Ya rubuta da haruffan ƙasarsu. Ya ce shekara arba'in yana neman gajeriyar hanyar faɗin wannan magana, ashe tana wurin Hajiya. Daga ranar, duk lokacin da na fara gaggawa, sai in ji muryarsa ta ratsa filin Muzdalifa da wata karkatacciyar Hausa, yana jan kowane wasali kamar mai karatun allo. Mahaifiyata kuwa a hanyar komawa ta ce mutumin kirki ne, amma a gaya masa ya rage shan shayi.

Akwai wata safiya da ban manta ba. An yi ɗan yayyafi kafin asuba, ƙasa ta bushe amma iska tana da taushi. Na tura da dama, na zauna a kan hagu, sai na ji ban karkace ba. Na tura da hagu, na zauna a kan dama. Ƙarar tayoyin ta canza, ta daina katsewa, ta zama doguwa guda ɗaya. Turakun fitilu suka fara zuwa suna wucewa da kansu. Ban ji ina wahala ba, ban ma ji ina da ƙafa ba. Na wuce inda shara ta ƙare ban sani ba, kuma Allah ya kiyaye ban haɗu da tsakuwa ko ɗaya ba. Da na juyo, dattijon ya zama ɗan ɗigo fari a can nesa. Na dawo wurinsa a hankali ina jiran ya yaba.

"Hannunka na hagu yana gitta ƙirji," ya ce. Amma ya zuba min shayi a kofinsa na kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Da watan Hajji ya gabato muka ajiye komai. Shi ya shiga hidimar alhazansa, ni kuma aka tura ni Mina, ina bin tantuna ina gyaran na'urorin sanyi daga safe har yamma. Ranar Sallah da hantsi motar aikinmu ta ratsa ta Muzdalifa. Jama'a sun riga sun wuce. Hanyar da nake sharewa ta cika da tabarmi da robobin ruwa da silifa warin ƙafa ɗaya-ɗaya, manyan motoci a jere har ƙarshen gani. Na nemi inda yake kafa kujerarsa, na ga wata tsohuwa zaune a wurin, ta miƙe ƙafafu, tana ɗaure tsakuwarta a bakin mayafi.

Wata biyu ban hau ƙanƙara ba. Ranar da muka koma Jidda ina tsoron ko duk abin ya zube. Dattijon ya zauna a bencinsa ya rufe ido. Na tsaya a bangon can, na buɗe yatsun ƙafa, na yi gajeru uku, na sauka. Sai na ji sautin nan da na fara ji ranar da na zo gyara, na wuƙa a kan dutse, amma yanzu daga ƙarƙashina yake fitowa. Kafin in ankara bangon gaba ya taso min. Na juya gefe na ci birki, ɓarɓashi ya tashi ya bugi gilashi.

Ya buɗe ido. "Goma sha huɗu," ya ce.

A wasan ranar aka buga faifan ya tafi can kusurwa. Ni da mai jar rigar muka bi shi. Na riga shi isa da tsawon sanda biyu. Na tsaya da faifan a gaban sandata, ba kowa kusa da ni, sai na ga ban san abin da zan yi da shi ba, domin shekara uku ban taɓa riga kowa isa ba. Ina cikin tunani ya zo ya ɗauke abinsa ya wuce. Duk filin ya fashe da dariya, har mai tsaron ragarmu ya kwanta a ƙasa. Dattijon ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce wannan kuma darasin wani malamin ne, shi ƙafa kawai ya yi alkawari.

A hanyar komawa ranar ya gaya min zai tafi. Ofishinsu ya sallame shi saboda shekaru, iƙamarsa ta zama a ƙasar za ta ƙare bayan wata biyu, 'yarsa kuma ta gyara masa ɗaki a gidanta can ƙasarsu. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin wani. Na ƙara sanyin mota, na rage, na sake ƙarawa.

Asabar ɗinsa ta ƙarshe muka zo da wuri, tun sauran ba su iso ba. Fitilun kasuwar ba a kunna su duka ba, filin ya yi shuɗi-shuɗi, sabuwar ƙanƙara ko zane ɗaya babu a kanta. Ya tsaya a bakin 'yar ƙofar yana kallo. A gefe akwai wata kujerar roba mai faffaɗan ƙafafu da masu koyo suke dafawa.

"Ammu," na ce, "rabonka da hawa?"

"Shekara talatin da ɗaya."

Na jawo kujerar na ajiye a kan ƙanƙara. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce shi ba kayan wanki ba ne da za a tura shi a amalanke. Na ce shi da bakinsa ya ce tura nauyi yana ƙara ƙarfin cinya, kuma ban ga nauyin da ya fi shi ba a nan kusa. Ya miƙo min sandarsa na jingine ta. Na riƙe hannunsa ya taka, taku biyu, ya zauna, ya ɗaga ƙafafunsa ya ɗora a kan sandar kujerar.

Na dafa bayanta na fara turawa a hankali. Muka yi zagaye na farko. A na biyu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wannan ne abin da na koya maka?"

Sai na sauka ƙasa sosai. Na tura dama har yatsa, na tura hagu. Kujerar ta yi nauyi taku uku, daga nan ta zama kamar ba kowa a kanta. Iska ta fara kaɗa gefen hularsa. A kwana na haura da ƙafar waje, na tura da ta ciki, shi kuma ya karkata jikinsa cikin kwanar tun kafin in karkata, kafaɗarsa ta san lokacin fiye da tawa. Shagunan da ke rufe suka zama zare ɗaya mai launi-launi suna zagaya mu. Ya saki kujerar ya buɗe hannuwansa biyu. Sai na ji yana magana, ba da Larabci ba, da harshensu, da ƙarfi, kamar yana kiran wasu mutane da ke gabanmu su buɗe hanya. Ban san zagaye nawa muka yi ba. Cinyoyina suna ci da wuta amma ban so in tsaya ba. Hularsa ta cire ta faɗi, muka wuce ta sau uku.

Da na tsaya a ƙarshe, sai na ga sauran 'yan wasan sun iso, sun jeru a bayan gilashi da jakunkunansu a kafaɗa. Sai mai jar rigar ya fara buga sandarsa a ƙasa, sauran suka bi shi. Dattijon yana zaune yana numfashi sama-sama kamar shi ya yi gudun, fuskarsa ta yi ja, gashinsa a tsaye. Ya ce in ɗauko masa hularsa kafin wani ya taka ta.

A hanyar Makka ya yi barci tun kafin mu fita daga Jidda, kansa jingine da gilashi, bai farka ba sai da muka shiga Shisha. Na taya shi hawa bene. Ɗakin duk an naɗe, sai akwatuna biyu da katifa. Ya ce in dawo ranar Talata da motata, akwai tukwanen shuka guda uku na marigayiya matarsa a baranda, ba za a bar shi ya hau jirgi da su ba, kuma ba ya son ya bar wa mai gidan.

Na je na kwaso su. Biyu na'ana'a ne, ɗayan kuma wani ganye mai ƙanshi da har yau ba mu san sunansa ba. Matata ta jera su a tagar kicin. Ranar Alhamis na kai shi filin jirgi, muka rungumi juna, ya shige yana dogara sandarsa, bai waiwayo ba. Na tsaya har ya ɓace a cikin jama'a, sannan na koma mota, don ƙarfe biyu ina da aiki a wani otal kusa da Harami.